Atamfar Kirsimeti da haƙƙin mai ɗinki: amsoshin tambayoyinku

Salama gare ku 'yan'uwa. Tambayoyi biyu na ɗauka wannan satin, duka a kan tufafi ne.

Ta farko daga wata 'yar'uwa ce a unguwar Sabon Gari nan Damagaram. Ta ce: "Tanti, mu a zumuntar mata za mu fidda inifom na Kirsimeti, an kawo mana samfuri biyu daga kasuwar Dole, ɗaya mai arha 'yar Sin, ɗayar kuma kuɗinta ya kusa ninki uku. Ɗiyata da ke jami'a ta ce wai kayan arha da zufan talakawa ake yin su, bai kamata Kirista ya saya ba. To zunubi ne in mun ɗauki mai arhar?"

'Yar'uwa, ɗiyarki ba ƙirƙira ta yi ba. Ran 24 ga Afrilu 2013 wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka, ƙasar Bangaladash, mutane sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinki ne, kuma tun jajibiri an ga bangon ya tsage amma aka ce su koma bakin keke ko su rasa albashi. Duk lokacin da na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Amma ki lura, kayan da suke ɗinkawa na sanannun kamfanonin Turai da Amurka ne, a manyan kantuna ake saida su. Wato tsadar kaya ba ita ke nuna an biya ma'aikaci haƙƙinsa ba, kuma ke da ke tsaye a rumfar mai atamfa a Dole ba ki da yadda za ki leƙa masana'antar da ta buga turmin. Don haka a'a, ba zunubi ba ne, kar ku ɗora ma gwauruwar da ke cikinku nauyin da ba za ta iya ba, ta je ta ci bashi saboda inifom.

Abin da za ku iya dubawa shi ne ko kayan zai jima. Ki roƙi mai rumfa ya yanko miki ɗan ƙyalle daga gefe, ki zare zare ki sa masa ashana, in auduga ce warin takarda za ki ji kuma toka mai laushi za ta rage, in kuwa roba ce sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri. Ita robar nan daga man fetur ake yin ta, ga zafi a jiki in bazara ta kama, in an yar da ita kuma tana shekaru ba ta ruɓe ba kamar ledar da ke maƙale a ƙayoyin bayan gari. Sannan ki jiƙa ƙyallen ki goga a farin tsumma ki gani ko yana zuba.

Ni dai da za ku bi ta tawa ma, sai in ce anya dole ne kowace shekara sai sabon inifom? An ƙiyasta ƙaramar rigar auduga guda tana cin ruwa wajen lita 2,700 daga gona zuwa kanti, bido 135 kenan mai lita 20, mu da muka san layin pampo da jiran ɗan garuwa a garin nan ba sai an yi mana bayani ba. Ku sayi mai kyau daidai ƙarfinku, ku yi shekara biyu ko uku kuna sawa.

Yanzu ga inda na fi so ki saurare ni. Mai ɗinkin Dhaka ta yi miki nisa, amma telan unguwarku fa, kin san sunansa, kin san yaransa. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya talaka ɗan ƙodago ladansa a ranar, kar rana ta faɗi da shi a hannunka, don a kai ya sa ransa. Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka hana ma'aikata yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji. Ni kaina na taɓa faɗawa ciki. Wata shekara na kai ɗinkin yarana saura kwana biyar Kirsimeti, na matsa ma telan sai ya gama, da na je karɓa da dare na tarar an ɗauke kuran yana ɗinki da tocila a baki, yaron shagonsa wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba yana gyangyaɗi a kan dutsen guga na gawayi, na kwashi kayan na ce cikon sai bayan biki, cikon nan sai da ya kai watan Fabrairu. Mutumin bai taɓa tambayata ba. Ranar da aka karanta wannan aya ta Yakubu a majami'a da rigar da ya ɗinka a jikina, ban iya ɗaga kai ba, ana tashi na wuce shagonsa na biya na nemi gafara.

To ku kai ɗinki tun Nuwamba, ku raba wa tela biyu ko uku, ku yanke kuɗi tun farko ku ba da rabi, ranar karɓa ku cika. Kar ku ce don kuna da yawa sai ya rage har ya zama aikin banza yake yi, kuma ku ɗan sa ma yaran shago wani abu a hannu. In a cikinku akwai masu keke a gida, su ya kamata a fara ba, da kuɗinsu cif, ba "ai aikin Ubangiji ne" ba. Dokas ta Yafa da allura ta yi hidimarta, da ta rasu riguna gwauraye suka riƙa nuna ma Bitrus suna kuka, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 9.

Ta biyu wani saurayi ne ɗan lakwal, ya ce shi bosho, wato tufafin gwanjo da aka riga aka sa, yake saye don shi ne daidai aljihunsa, amma abokansa na cewa jujin Turawa yake sawa.

Ɗana, sa abinka ba kunya. Rigar da ka ƙara ma shekara biyu ta fi sabuwar da za ta yage a wanki uku. Gaskiya ne dai ana turo mana shara a cikin dilolin, a kasuwar Kantamanto ta Akara a Gana an ƙiyasta wajen kashi 40 cikin 100 na kayan da ke shigowa juji suke ƙarewa. Sai ka zaɓa da natsuwa, ka duba hammata da wuya da zif, ka ɗaga ta a rana ka ga ko ta sale, kar arha ta sa ka kwashi biyar alhali biyu kake buƙata. Wadda ta yi maka yawa ka kai tela ya rage, ka biya shi nan take. Waɗanda ka daina sawa kuma, ka tuna abin da Yahaya Mai Baftisma ya faɗa ma mai riga biyu a Luka 3:11, ka wanke su ka goge kafin ka bayar, hunturu na tafe kuma yara da yawa a unguwa ba su da ta sanyi.