Kar ka toshe shi tukuna, ƙanena

Na ga saƙonka tun bayan Azahar, ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce wani sabon edita da ko sati bai yi da buɗe akawun a Wikipedia ba ya shiga muƙalar tsohuwar Kwalejin Katsina yana canja shekarar kafa ta daga 1921 zuwa 1922, kana mayarwa yana dawowa har sau uku, shi ne kake tambaya ko ka toshe shi, wato ka hana shi gyara, tunda yanzu an ba ka admin mai ikon yin haka.

A'a ƙanena, kar ka taɓa shi. Kai fa kana cikin rigimar, kai ka yi ta goge masa gyara, to ai ba a zama mai ƙara kuma a zama alƙali a shari'a guda. In abin ya kai na toshewa, wani admin da bai sa hannu a shafin ba shi zai duba. Kuma a Wikipedia ta Turanci doka ce, ba a wuce mayarwa uku a shafi ɗaya cikin awa 24, wanda ya yi na huɗu ana iya toshe shi ko da shi ke da gaskiya. Ƙirga naka ka gani.

Sannan yaron nan ba ɓarna yake ba wallahi. Mai ɓarna shi ne wanda zai share shafi sukutum ko ya zuba zagi ko ya liƙa tallan shagonsa. Shi wannan wani abu ya karanta ya yarda da shi, kuma ba ƙagowa ya yi ba don shekarun duka biyun suna cikin littattafai, a 1921 aka kafa kwalejin, a 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance. Jimla ɗaya za ta ɗauke ku ku biyun, a rubuta kowace shekara da abin da ya faru a cikinta a sa mata madogara, shi kenan.

Abin da ya fi damuna shi ne ban ga ka ce ka yi masa magana ba. Yawancin sababbin nan da waya suke gyara, ba su san akwai tarihin shafi ba balle shafin tattaunawa, ya yi gyara ya dawo ya ga babu sai ya ɗauka netwok ne ya cinye masa, ya sake yi, kai kuma kana can kana cewa taurin kai ne alhali bai ma san kana nan ba. Je shafinsa na tattaunawa ka yi masa sallama da Hausa irin ta mutane, ka yi masa barka da zuwa, ka tambaye shi ina ya samo 1922 ɗin, ka nuna masa yadda ake sa madogara. In ka mayar da gyara kuma ka riƙa rubuta dalili a akwatin taƙaitawa, kar ka bar shi fayau.

In ya gani ya ƙi ji, akwai matakai kafin toshewa. A kulle shafin na kwana biyu uku a koma tattaunawa, ko a hana shi wannan shafin kaɗai, sauran ya ci gaba da aikinsa.

Ni abin da ya koya mini hankali, na taɓa toshe wani yaro cikin fushi ban cire toshewar da ke bin adireshin intanet ba, ashe a wajen horo yake nan cikin Katsina, su da yawa a kan wayfai ɗaya. Duk ɗakin aka kasa gyara. Na buɗe da na ji, na ba da haƙuri, amma wasunsu ban sake ganin sunansu ba har yau kuma abin yana cina, don masu rubuta Hausa da ɓ da ɗ da ƙ daidai ba mu da su da yawa.

Bar shekarar yadda ya sa ta zuwa gobe, ba abin da zai lalace. Ka rubuta masa yau da dare, in ya amsa ka turo min in gani.