Amsoshin Masu Karatu: Unguwar Turawa a Tsakiyar Guangzhou

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kantin Kwari. Sau biyu nake zuwa sari Guangzhou a shekara, amma ban da masauki da kasuwa da wurin masu auna kaya ban san ko'ina ba. 'Yata ta nuna mini hotunan wasu benaye irin na Turawa, ta ce wai a garin suke. Na ce mata wannan ba Chaina ba ce. Da gaske akwai su? In akwai, sun isa in ajiye sari na yini guda?
Daga wata Hajiya a Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. 'Yarki ta fi ki gaskiya. Wurin sunansa Shamian, wani ɗan tsibiri ne a bakin Kogin Lu'ulu'u, a gundumar Liwan. Tsawonsa bai kai kilomita guda ba, kamar mita 900 ne, faɗinsa kuma mita 300, amma akwai tsofaffin gine-gine irin na Turai wajen 150 a cikinsa. Ki je, Hajiya. Ba ma sai kin ba shi yini sur ba, daga safe zuwa azahar ya wadatar, kuma ba a biyan ko sisi a shiga.

Ni ma sai a zuwana na huɗu na taka wurin, ranar da kayana suka maƙale a masana'anta na rasa abin yi. Abin da ya fara kama ni shi ne shirun wurin. Kin dai san hayaniyar unguwannin kasuwanci na Xiaobei da Sanyuanli, masu turin kaya na ihu, ga ƙarar salatif ana naɗe kwalaye. Kina haye 'yar gadar shiga tsibirin sai ki ji kamar an toshe miki kunne. Babbar hanyar da ta ratsa tsakiya lambu ce, manyan itatuwa da suka haura shekara ɗari sun yi mata rumfa, wasu jijiyoyinsu na reto daga rassa kamar na cediya. Na zauna a benci na kalli wata tsohuwa tana motsa jiki a hankali da jan mafici a hannu, can gefe kuma amare uku cikin fararen riguna suna jiran layin ɗaukar hoto a gaban coci. Akwai mutum-mutumin tagulla na wata malama mai goge da yara a jere a bayanta. Kan yaran har ƙyalli yake saboda shafar hannun masu wucewa.

Ki lura da gine-ginen da kyau, za ki ga kamar kin san su. Baranda mai zurfi, rufi can sama, tagogin katako masu tsaga-tsaga don iska ta shiga rana ta tsaya a waje. Irin dabarar ce ta tsofaffin gidajen Turawan mulki da na ma'aikatan reluwe a ƙasarmu, domin Bature duk inda ya je ƙasar zafi haka yake gini. Yawancinsu a da bankuna ne da ofisoshin jakadanci da gidajen manyan kamfanoni, kuma an manna alluna a jikinsu masu faɗin abin da kowanne yake a da. A ɓangaren gabas akwai cocin Katolika na Faransawa da aka gama a 1892, a can yamma kuma na Ingilishi wanda ya girme shi, na 1865.

Sai dai ba na so ki kalli kyawun kawai ki dawo. Tsibirin nan ba kyauta aka ba da shi ba. Sau biyu Ingila ta yaƙi Chaina a kan cinikin ofiyom, ƙwayar da ta kassara mutanen ƙasar: daga 1839 zuwa 1842, sannan daga 1856 zuwa 1860, wannan karon da Faransa a gefenta. A yaƙi na biyun ne tsohon zangon fataken Turawa na garin ya ƙone, sai suka karɓi wannan jigawar yashi a 1859. Sunan Shamian ma ma'anarsa saman yashi. Suka haƙa magudanar ruwa ta raba su da gari, Ingila ta ɗauki kaso mafi girma a yamma, Faransa ta ɗauki gabas. A lokacin gada biyu ce kawai, kowacce da ƙofa da masu gadi, ƙarfe goma na dare a rufe. Ɗan ƙasa bai isa ya mallaki gida a ciki ba. Da na ji haka sai Nasarawa ta Kano ta faɗo mini, da dokar Turawa ta barin fili yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. Mu da fili aka raba mu, su da ruwa.

A bakin wannan ruwan, ranar 23 ga Yuni 1925, dubban mutane suka fito zanga-zangar ƙin mulkin baƙi, ciki har da ɗalibai. Sojojin Ingila da na Faransa suka buɗe wuta daga tsibirin, mutum fiye da 50 suka mutu. Titin da za ki tsallaka kafin ki hau gada sunansa Liu'ersan, wato shida, biyu, uku, watan da ranar ke nan. Na fi minti goma tsaye a kan gadar ina auna tazarar da ido. Jifa da dutse ma ya isa. Shi ya sa nake ganin girman abin da mutanen garin suka yi: ba su rushe gidajen ba, sun gyara su, yau jikokinsu ne ke shan iska a barandar da kakanninsu ba su isa su taka ba.

Hanyar zuwa ba wuya. Daga tashar Xiaobei ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5 zuwa Ouzhuang, ki canza zuwa layi na 6, ki sauka a Huangsha. Ki sa takalmi maras tsini, ki riƙe lema, domin daga Mayu zuwa Satumba garin gumi ne da ruwan sama ba sallama. In tafiyarki ta dace da babban baje kolin kasuwanci da ake yi a garin a watan Oktoba, kin yi gam da katar. Batun abinci kuwa, ki yi guzuri ko ki haƙura sai kin fito, don gidajen shayin da ke ciki akwai tsada, kuma ban yarda da girkinsu ba.

Idan azahar ta gabato, ki koma Huangsha ki hau layi na 1 zuwa Ximenkou. Tafiya kaɗan ce daga nan zuwa masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a Chaina, mai doguwar hasumiya kewayayya da ake kira Guangta. Musulmin garin suna danganta kafa shi ga Sahabi Sa'ad bn Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ko da yake abin da malamanmu suka tabbatar shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Ki yi sallarki a can, ki sa mu a addu'a, kuma ki turo wa 'yarki hoton gadar.