Fitilar da za ka hau Dutsen Shere da ita

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, cewa ku shida za ku hau duwatsun Shere na Jos a watan Disamba, ku kwana biyu a sama, kuma ka ga wata tocila a kasuwa da aka rubuta wa lumen 100,000 a jikin kwali, mai shago ya ce tana haska kilomita guda. Kana son sanin ita za ka saya ko fitilar goshi. Na ga wasu sun ce ka ɗauki mai nisan ka huta. Ni na saɓa da su, kuma zan faɗi dalilina, domin na daɗe ina kwana a daji da kan duwatsu, kuma irin wannan tocilar na fara saya.

Hasken fitila iri biyu ne. Akwai mai tsini, wanda ke tattaruwa wuri ɗaya ya miƙe can nesa kamar sanda. Akwai kuma mai shimfiɗa, wanda ke bazuwa dama da hagu amma ba ya nisa. Ka dubi butar alwala da butar 'yan lambu mai ƙananan huda: ruwan na iya zama daidai, fitarsa ce ta bambanta. Lumen shi ne yawan hasken da fitila ke fitarwa gaba ɗaya. Ƙarfinsa a tsakiya, wanda shi ke kai shi nesa, da kandela ake auna shi. Saboda haka fitilu biyu masu lumen 300 za su iya zama ɗaya ta cika tanti da haske, ɗaya kuma ta nuna maka bishiyar da ke hayin rafi amma ba ka ganin takalminka.

Maharbi mai tsini yake so, don idon dabba yake nema daga nesa. Kai kuwa mai tafiya ne, abin da ya dame ka yana tsakanin ƙafarka da taku goma a gabanka. A nan ake tuntuɓe, a nan rami yake, a nan ƙaya take.

A Sheren nan na koyi wannan. Mun taso saukowa kafin asuba, ina gaba riƙe da tocila mai tsini. Abin da nake gani farin da'ira ne kamar faifai a kan dutse, fari fat, duk abin da ke wajenta kuma baƙi ƙirin. Dalili shi ne ido yana daidaita kansa da wurin da ya fi haske, sai gefe ya ɓace masa ɗungurungum. Ina ta kaɗa hannu dama da hagu kamar mai shara don in haɗa hanyar a kaina. Abokina da ke biye da ni yana dogara da haskena, ya sa ƙafa a tsagar dutse da da'irar ta tsallake, ya yi targaɗe. Saukar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba ta cinye mana har hantsi, muna tallafe da shi. Har yau in na tuna yadda yake cije leɓe don kada ya tayar mana da hankali, sai raina ya sosu, domin zaɓin fitilata ne ya jawo.

Don haka abin da za ka fara saya fitilar goshi ce mai shimfiɗa, ko wadda ta haɗa biyun, wato haske mai faɗi da ɗan ƙarfi a tsakiya. A kan dutse hannuwanka biyu kake buƙata. Haka wajen kafa tanti, hura wuta, alwala, neman cokali a ƙasan jaka. Kuma ba ka buƙatar lumen mai yawa. A sansani 10 zuwa 30 sun ishe ni. A tafiya 100 zuwa 200. Sai in hanya ta rikice nake ƙara zuwa 300 ko 400 na 'yan mintoci, in mayar.

Amma fitilar goshi tana da nata aibu, kuma da yawa ba a faɗa wa sabon shiga. Tana zaune daf da idonka, don haka inuwar kowane dutse tana faɗawa bayansa inda ba ka gani. Sai ƙasa ta yi maka kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, alhali gargada ce. In kun zo gangara mai tsakuwa, cire ta daga goshi ka riƙe daidai ƙugu. Nan take inuwa za ta fito, ka ga tudu, ka ga kwari. Ka gwada a tsakar gida yau da dare, za ka yi mamaki.

Na biyu, Disamba lokacin hunturu ne. Idan hazo ya sauka, ƙurar da ke iska tana mayar maka da hasken cikin ido, sai ka ga farin bango a gabanka. Mutum yakan ƙara ƙarfin fitila, abin sai ya ƙara muni, kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo. Maganin biyu ne: rage ƙarfi, ka kuma saukar da fitilar nesa da ido. A nan launin haske ma yana da tasiri. Mai fari tas da ya ɗan ja zuwa shuɗi, wanda ake rubuta wa 6,500K, ya fi kashe mini ido a ƙura. Wanda ya ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa, 4,000K ko ƙasa da haka, ya fi sauƙi, kuma ya fi raba launin ƙasa da na busasshiyar ciyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, inda kububuwa launin ƙasa gare ta kuma da dare take yawo. A sanyin Jos ba ta cika motsi ba, amma in wata rana ka gangara wajen Kaltungo ko Yankari da wannan fitilar, za ka gode wa Allah da ka lura da launi.

To mu dawo kan ta kilomita guda. Tun 2009 akwai ma'aunin da ake kira ANSI FL1, wanda kamfanonin kirki irin su Petzl da Fenix da Black Diamond ke bayyana alƙalumansu a kan irinsa. A ma'aunin nan, nisan da aka rubuta shi ne inda hasken ya ragu ya koma 0.25 luks (ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu), kwatankwacin farin wata daren sha huɗu. Ka ga ke nan ko fitilar gaskiya da aka rubuta wa mita 200, inda za ka tantance abu da kyau bai fi rabin haka ba. Kuma haske yana raguwa da sauri: don ka ninka nisa sau biyu sai ka ninka kandela sau huɗu. Mita 200 na buƙatar kandela 10,000, kilomita guda kuma 250,000. Akwai tocilolin da ke kai haka, amma manyan kawuna gare su da tsada, kuma haskensu siriri ne kamar tsinke.

Batun lumen 100,000 kuwa, ƙwan fitilar mota na halojin yana tsakanin 1,000 da 1,600 da ɗoriya ne. Batir ɗaya na 18650, wanda yawancin waɗannan tocilolin ke amfani da shi, na gaske ba ya wuce wajen 3,500 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Ko lumen 1,000 aka ja daga gare shi, awa ɗaya da 'yan mintoci ne ya ƙare, kuma kafin nan tocilar ta yi zafi ta rage kanta. In ka ga batir irin wannan an rubuta masa 9,900 mAh, ka ajiye shi. Ka kuma lura da awannin da ake rubutawa: a ma'aunin nan ana ƙirgawa ne har hasken ya koma kashi goma cikin ɗari na farkonsa, don haka awa takwas a kwali ba awa takwas na cikakken haske ba ne.

Nau'in da ake jan kansa gaba da baya don a tsuke haske ko a buɗe shi yana burge mutum a shago, don kamar an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ne. Ni na daina saya. In ka tsuke shi, haske mai yawa yana maƙalewa cikin bututun, abin da ke fita ɗan murabba'i ne ba tare da komai a gefe ba. Kuma wannan zamewar kan tana zuƙo ƙura da danshi ciki. Gara tocila mai kwano a bayan ƙwai, wadda ke ba da tsakiya mai ƙarfi da zobe mai laushi kewaye.

Ba cewa nake mai tsini ba ta da amfani ba. Tana da shi sosai: neman inda hanya ta ci gaba a hayin kwazazzabo, duba motsin da kuka ji a ciyawa, yi wa wanda ya ɓata alama. Sai dai aikin daƙiƙa goma ne, a kunna a duba a kashe. Ku shida, guda ɗaya mai kyau a hannun na gaba ta isa, amma kowa da tasa ta goshi. Kada wani ya ce zai dogara da fitilar waya. Ba ta nisa, tana cinye hannu ɗaya, kuma tana shanye cajin da za ku nemi taimako da shi.

Ka nemi wadda ke da jan haske. Ido yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu sosai, kuma farin haske na rushe wannan cikin ƙiftawar ido, ja kuwa ba ya yi sosai. Da shi nake tashi da asuba ba tare da na tashi na kusa da ni ba, kuma ƙwari ba sa yi masa dandazo kamar yadda suke yi wa farin haske. Kada dai ka yi tafiya da shi. Sannan in kana magana da mutum, karkatar da fitilar ƙasa. Ba abin da ke ɓata hira a bakin wuta kamar mutum ya juyo ya dalle maka ido.

Wani abu da ya fi duk wannan: haske mai tsini a kan dutse ana hango shi daga ƙauyukan da ke ƙasa, kuma a wannan zamani mutane ba sa ɗaukar baƙon haske da dare da wasa. Ku gaida mai unguwa kafin ku hau, ku ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, kuma kada ku riƙa wasa da tocila kuna haska gidajen mutane.

A shago, ka haska bango daga taku uku. Ka duba ko tsakiya ta narke cikin gefe a hankali, ko akwai zobba da baƙin tabo. Ka sa ta a mafi ƙanƙantar haske ka kaɗa yatsunka a gabanta; in ka ga yatsun sun rarrabu kamar hotuna, tana ƙyafƙyaftawa, kuma za ta sa ka ciwon kai. Ka nemi alamar IPX4 aƙalla, don raɓa da yayyafi. Ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, sanyin dare kuma yana rage ƙarfin batir, don haka na ajiya ya kwana a aljihun rigarka. Kafin ka jefa fitila a jaka ka kulle maɓallinta ko ka cire batir, kada ka iso sama ka tarar ta kwana a kunne.

In ka sayo, kada daren farko da za ka kunna ta ya zama a kan dutse. Ka fita da ita fili bayan isha'i kwana biyu ko uku, ka san maɓallanta da yatsa ba tare da ka duba ba, ka kuma ƙirga da agogo awa nawa take yi a hasken tafiya. In ka samu biyu ko uku da kake shakka a kansu, ɗauko hoton bayan kwalin ka sa a nan, in sha Allahu zan duba maka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.