Tambaya da Amsa: Inaso in karanci lauya, Baba yace zai saida shanun huɗa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya Barista, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Taura jihar Jigawa, bara na gama sakandare na samu kiredit 7 a NECO harda Turanci da Lissafi da Arabiyya, amma ban zauna Litireca ba dan makarantarmu babu malaminta tun muna SS1. Bana nayi JAMB na cike BUK karatun lauya na samu 238, Litirecar ma da karatun kaina na rubuta ta. Baba yace in dai zan zama lauya zai saida shanun huɗarmu guda biyu, ni kuma abin yana damuna dan dasu muke noma. Shin zan samu gurbi? nawa karatun zai ci? kuma wai da gaske ne lauya baya talauci? Nagode.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah yayi maka albarka. Kafin komai kaje ka samu Baba cikin ladabi kace masa a dakata da maganar shanun nan tukuna, zan faɗa maka dalili.

Makinka ba laifi wallahi, yaron da ya karanta Litireca shi kaɗai a ƙauye ya kawo 238 ba rago bane. Amma matsalarka tana cikin NECO ɗinka. Mafi yawan jami'o'in ƙasar nan basa ɗaukar mutum karatun lauya sai da kiredit 5 kuma dole a ciki akwai Turanci da Litireca, da yawa kuma suna haɗawa da Lissafi, to ko 300 ka ci a JAMB in aka zo tantancewa babu ita a takardarka gefe za'a ajiye ka, wannan abin ya cinye yaranmu na karkara da na makarantun Arabiyya ba adadi, ba wanda yake faɗa musu sai an gama komai. Maganinsa ka yanki fom na NECO ko WAEC ta 'yan waje wadda ake yi ƙarshen shekara ka rubuta ta, sai dai ka fara duba ƙa'idojin jami'ar a littafin JAMB dan wasu suna yarda a haɗa sakamako biyu, wasu kuma a lauya zama ɗaya suke so.

Sai maganar gurbi. Abinda mutane basu sani ba shine jami'a bata da ikon ɗibar ɗaliban lauya yadda taga dama, akwai hukumar kula da ilimin lauyoyi ta ƙasa ita take yanka wa kowace jami'a adadin da zata ɗauka, wadda ta wuce adadin kuma ɗalibanta ne suke shan wahala dan zasu gama digiri su zauna jiran layi shekara da shekaru, an ma taɓa dakatar da wasu jami'o'in akan haka. Shi yasa kake ganin dubbai sun cike amma kaɗan ake ɗauka, ragowar a tura su Tarihi ko Hausa ko Kimiyyar Siyasa. Abinda zai ɗan taimake ka shine tsarin jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta ne, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a boko kuma Jigawa da Kano duk suna ciki. Amma fa a cikin 'yan Jigawan ma gasa ce, da yaran Dutse da Haɗeja da Gumel da suka yi makarantun kuɗi zaka kara. Bana dai gaskiya ban ga alamar samu ba saboda Litirecar nan, baɗi in ka gyara kana da dama sosai.

Akwai kuma wata hanyar da ni nafi so wa ɗan talaka, ga Ringim nan kusa daku akwai kwalejin shari'a, a Kano ma akwai ta Aminu Kano wadda kowa yake kira Legal, kayi difloma ta shari'a ka dage ka fita da sakamako mai kyau sai ka nemi shiga jami'a kai tsaye aji biyu, wato DE. Ta ɗan fi tsawo, kuma itama gurbinta kaɗan ne, amma kana kusa da gida kana noma damina, in ma jami'ar bata samu ba kana da takarda a hannu da zaka nemi aikin kotu da ita. Tunda kana da Arabiyya ka sani BUK haɗe take koyar da dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, ABU Zariya kuma a harabarta ta Kongo kowanne da digirinsa.

Yanzu kuɗi, kuma anan nakeso ka nutsu. Digirin lauya shekara 5 ne, in ka shiga ta DE shekara 4, banda yajin aikin ASUU wanda na 2022 kaɗai wata 8 ya cinye. Kuɗin rijista a jami'ar gwamnati ya tashi sosai tun 2023 amma duk da haka ba shine mai karya mutum ba, abinci ne da ɗakin kwana da kuɗin mota da littattafai, ga fararen riguna da baƙin wando da takalmi dan 'yan lauya da yunifom suke shiga aji. Wannan ana iya lallaɓawa, buhun gero da wake daga gida, ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ga tallafin karatu na jiha in an biya. Babban dutsen yana gaba. Wanda ya gama digiri bai zama lauya ba sai ya shiga makarantar horas da lauyoyi ta ƙasa wajen shekara guda, hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas da Inugu da Yola da Yenagoa da Fatakwal da namu na Bagauda, kuma ba lallai a baka Bagauda ba ana iya cilla ka Yenagoa. A zangon 2023/2024 kuɗinta ya tashi daga 296,000 zuwa 476,000, banda ci da sha da kwamfuta da kwat da zirga-zirgar zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi, bayan ka ci jarrabawa kuma ga kuɗin rantsarwa da hular gashi da baƙar riga da tafiya Abuja. To kaga in an saida shanun tun aji ɗaya an cinye kuɗin a shekara biyu, noman ya ja baya, ranar da ake buƙatar dunƙulallen kuɗi kuma babu abin ɗagawa. A bar shanun suyi ta huɗa suna ciyar da kai, in ma za'a saida wani abu sai ranar.

Batun wai lauya baya talauci kuwa, hmm. Je ka harabar kotun majistare da safe ka gani da idonka. Sabon lauya bayan bautar ƙasa yawanci a ofishin wani babba yake farawa kuma abinda ake bashi a wata wani lokacin bai kai alawus ɗin NYSC ba, shekarun farko sai haƙuri, manyan da kake gani da jif sai mutum ya shekara 10 yana aiki kafin ma ya cancanci neman SAN wato muƙamin babban lauya, haka zama alƙalin babbar kotu ma sai an shekara 10 ana aikin lauya. Amma ƙofofin suna da yawa, ma'aikatar shari'a ta jiha, majistare, kotunan shari'ar Musulunci, banki, kamfanoni, hukumar bada tallafin shari'a ga marasa ƙarfi, koyarwa. Kuma mai Larabci da ya iya rabon gado da rikicin gona da rubuta takardar cinikin fili bazai rasa aiki a ƙasarmu ba, kullum cikin rigimar iyaka muke. Kar kuma kace ƙauye zai hana ka, marigayi Mai Shari'a Dahiru Musdapher ɗan Ɓaɓura ne kuma ya riƙe Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2011 zuwa 2012.

TAMBAYA: Barista ni uwa ce daga Bebeji, 'yata tanaso tayi lauya amma dangin babanta sunce ba aikin mata bane kuma za'a sa ta cire hijabi.

AMSA: Hajiya a gaida gida. A faɗa musu wadda ta gaji Musdapher a kujerar nan mace ce, Mai Shari'a Aloma Mukhtar, daga 2012 zuwa 2014, kuma a 2023 Mai Shari'a Dije Aboki ta zama babbar alƙaliyar jihar Kano. Maganar hijabi an yi wannan rigimar a 2017 kuma tun 2018 aka amince mata su sa ɗan ƙaramin hijabi ƙarƙashin hular ranar rantsarwa. Ki tambaye ta yau ɗin nan ko ana koya musu Litireca a makarantarsu, in babu a nemo mata mai koya mata tun kafin a yanki fom ɗin NECO.