Tambaya da Amsa: Mu haɗa kuɗi a kai yaro gidan mari?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Mu goma sha biyu ne, yawancinmu ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, muna aikin sa kai a Kara-Kara da Garin Malam: karatun yamma ga yaran da suka bar lakwal, da ziyarar iyayensu ranar Asabar. Akwai yaro ɗan shekara 16 da ya faɗa shan tiramol har ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa. Uwar ta zo mana da kuka, ta ce mu taimaka mata da jika arba'in a kai shi wurin wani malami a ƙauye da ke sa mari wata shida, wai yara na dawowa a shirye. Rabinmu sun yarda. Ni ke riƙe da asusu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. In na hana, yaron kuma ya lalace, ina zan sa kaina?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki fitar da ko dala don wannan tafiya. Uwar ba ta da laifi, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma ku da ta zo wurinku, bai halatta ku miƙa mata takobin ba.

Babu ranar da ba na jin wannan magana ta "a kai shi a ɗaure shi, zai bari", daga bakin iyaye, daga bakin masu unguwa, har daga bakin waɗanda suka yi boko mai zurfi. Don haka bari in tsaya a kanta.

Tiramol ɗan gidan su ofiyom ne. Wanda ake sayarwa a kantin magani da takardar likita miligiram 50 ne, kuma likita ba ya wuce wa babba miligiram 400 a yini. Wanda ke yawo a tire da aljihun masu talla yana ɗauke da 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, yaro kuma ya watsa uku ko huɗu da shayi tun da safe. Jikin da ya yi watanni a haka ya riga ya saba. Ranar da aka yanke masa gaba ɗaya, kafin kwana ya zagayo gumi ya keto, ga zawo, ga amai, ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. Tiramol yana da ƙari a kan ƴan uwansa: wasu yaran sukan ruɗe, su firgita, su riƙa ganin abin da babu. Sai mai gidan mari ya nuna wa iyaye, ya ce ga aljanin nan yana fita, a ƙaro bulala. Ciwon rabuwa da ƙwaya ne, kuma likita ya san yadda ake sassauta shi, ta hanyar rage ƙwayar kaɗan-kaɗan da ba da maganin da zai tare amai da rashin barci.

Bayan mako guda ko fiye kaɗan, wahalar jiki takan lafa da kanta, ko an doke shi ko ba a doke shi ba. Yaro ya yi laƙwas, ya sunkuyar da kai, ya gaida kowa. Shi ne ake kira "ya shiryu". Tsoro ne kawai ya rufe masa baki, abin da ya kai shi ga ƙwaya yana nan yana jiransa a ƙofar gida.

Ga abin da ba a faɗa wa iyaye, kuma shi ke kashe yara. Wata shida ba tare da ƙwaya ba, jiki ya manta da sabon da ya yi, amma hannu bai manta da adadin da yake ɗauka ba. Yaro ya dawo unguwa da baƙin ciki da ƙullaci, abokai su tarbe shi, ya sha huɗun nan da ya saba. Jikin da ke ɗaukarsu da, yanzu ba ya iyawa. Sai farfaɗiya, ko numfashi ya yi ƙasa, musamman in ya haɗa da ƙwayar barci ko giya. Na taɓa raka wani uba ɗauko ɗansa daga irin wannan gida. Mun same shi a zaure, an cusa tsumma tsakanin ƙarfe da idon sawunsa, tsumman ya manne da gyambo, ƙudaje na bi. Bai ce wa ubansa komai ba sai "Baba, ruwa". Kwana huɗu da dawowarsa aka tsince shi bayan wani kango, kumfa a baki. Allah Ya yi da sauran kwana, an kai shi asibiti da wuri. Har yau ɗingishi yake yi, kuma ya fi shekara bai yarda ya ci abinci kwano ɗaya da mahaifinsa ba.

Kada kowa ya ce bai ji ba. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya, makonni kaɗan bayan haka aka sake bankaɗo wani a Daura. Daura ba nisa gare ta da mu ba, hanyar Matamaye ce. Iyayen waɗancan yara su ma kuɗi suka biya, su ma cewa aka yi za a gyara musu ƴaƴa. A dokar ƙasarmu, tsare mutum ba tare da umarnin shari'a ba, laifi ne, yardar uba ko uwa ba ta wanke shi, kuma ƙungiyar da ta biya kuɗin ta sa hannu a ciki. Ba da malamai nake faɗa ba. Na san malamai a Birni da Zango da ke zaunar da irin waɗannan yara, su yi musu nasiha da addu'a, su ba su rubutu, sannan su ce wa uba ya wuce da shi asibiti. Da mai cin kuɗin uwa marar ƙarfi nake, wanda ya mayar da zaurensa kurkuku. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. A wane littafi aka karanta cewa gyambon ƙafa magani ne?

Abin da za ku yi da kuɗin bai kai jika arba'in ba ma. Ku raka yaron da uwarsa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Damagaram, ku gaya masa tun a gida cewa zuwa can ba ya nufin hauka, don kada ya gudu a bakin ƙofa. Ku sayi abin da aka rubuta. Kowa a cikinku ya sani: in ya faɗi yana shure-shure, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko nono, a nemi abin hawa nan take.

Sai ku tambaye shi abin da ba wanda ya tambaya: me yake yi da rana? Yawancin yaranmu ba don nishaɗi suka fara ba. Mai fasa dutse, mai tura kurar ruwa, ɗan kabu-kabu, mai dakon ruwa-ruwa (fetur ɗin fasa-ƙwauri) daga kan iyaka, duk ƙarfin aiki suke nema a ƙwayar. In ya koma wannan aiki da wannan fada ko pale ɗin, wato majalisar samarin da yake zama, zai koma wa ƙwaya. Ku samo masa maigida na kirki, makaniki ko mai walda, mutum ɗaya daga cikinku kuma ya ɗauke shi ƙane, ya leƙa shi kullum. Abin da ya rage a asusu, ku fara tara wa uwar na keke, domin da shi take ciyar da sauran.

Zai iya zamewa sau ɗaya ko sau uku, ku sa wannan a ranku tun yau. Mun ga furoje iri-iri a garin nan, a raba riguna da huluna, a ɗauki hoto, wata shida kuɗi su ƙare a rufe ofis, yaro ya koma inda aka same shi. Ƴan sa kai na Amurka sun yi kusan shekara hamsin a Nijar, daga 1962, amma a Janairun 2011 aka kwashe su cikin ƴan kwanaki saboda tsaro. Ku ba mai kwashe ku. Iyayenku sun yi samariya da gayya a waɗannan unguwanni ba da fardiyam ba, wato ba tare da kuɗin alawus ba.

Kada ki je wa uwar da "a'a" ke kaɗai. Ki tafi da dattijuwar da take jin nauyi, ki zauna a tabarmarta, ki ce: Inna, ba za mu biya a ɗaure shi ba, amma Litinin da safe za mu zo mu tafi asibiti tare, kuɗin mota da na magani a kanmu.