Ku Tambaya Mu Amsa: Wane Wata Ya Fi Dacewa da Zuwa Hutu Turkiyya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Gombe. Shekara uku ke nan ni da maigidana muna tara kuɗi domin mu kai mahaifiyarsa Turkiyya, ta ziyarci masallatan Istanbul, mu kuma mu ga teku a Antaliya. Hajiya ta haura shekara 65, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Maigida ya ce mu tafi a watan Agusta saboda dogon hutu, wai wanda ya sha ranar Gombe babu zafin da zai ba shi tsoro. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wane lokaci kuke ganin ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan niyya, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya.

Yanayin ƙasashen da ke bakin tekun Bahar Rum, irin su Turkiyya, ya sha bamban da namu. Mu a nan sanyinmu busasshe ne, ruwa kuma ba ya sauka sai zafi ya kai maƙura, amma su a can ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris. Watannin da muke tsakiyar damina kuwa, wato Yuni zuwa Agusta, su ne lokacin da rana ke ƙwallewa a wurinsu, musamman a kudancin Turkiyya, yankin da Antaliya take, inda ake shafe makonni ba a ga ɗigon ruwa ba.

Maganar maigida tana da ƙamshin gaskiya, domin a Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana taɓa digiri 40 a Gombe, alhali na Antaliya a Yuli da Agusta ya fi tsayawa wajen 34 ko 35, ko da yake wasu ranakun yakan haura 40. Sai dai zafi suna ya tara. Na Gombe idan mutum ya samu inuwar dogonyaro da ruwan randa zai ji sauƙi, shi kuwa na bakin teku da laima yake tafe, gumi ba ya bushewa a jiki, kuma ko dare ya yi ba ya saki. Ban da haka, a gida ba wanda ke fita yawo da tsakar rana sai da dalili, amma mai ziyara a ƙafa yake wuni.

Istanbul ba ta kai Antaliya zafi ba, matsalarta a Agusta cunkoso ce, domin makarantun Turkiyya da na Turai duk suna hutu, kuɗin masauki da na jirgi kuma a lokacin suke kai ƙarshen tsada. Na tabbata Hajiya za ta so shiga fadar Topkapi, inda aka adana kayayyakin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, ana karatun Alƙur'ani a sashen ba dare ba rana. To, ku ƙaddara ta tsaye cikin dogon layi a ƙarƙashin rana, bayan ta riga ta hau tudu ta sauka gangare a kan titunan tsohon gari da aka shimfiɗe da duwatsu. Wanda ke da ciwon gwiwa, wannan tsayuwar ce za ta gajiyar da shi tun kafin ya ga abin da ya kawo shi.

A ganina, lokacin da ya fi dacewa da tafiya irin taku shi ne daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Zafi ya karye, ɗalibai sun koma makaranta, farashi ya fara sauka, sannan ruwan teku yana nan da ɗumin da ya tara tsawon watanni, wanda zai ba ku damar shiga ba tare da karkarwa ba. Lokutan salla ma sun fi kusa da waɗanda kuka saba da su, saɓanin watan Yuni da alfijir ke ketowa a Istanbul wajen ƙarfe 3:30, isha'i kuma sai wajen 10:30 na dare, abin da ke hana dattijo samun isasshen barci.

Na san aikinki ba zai bar ki ki ɗauki hutu ana tsakiyar zangon karatu ba. Idan haka ne, ku jinkirta tafiyar zuwa kwanakin ƙarshe na dogon hutu, wato farkon Satumba, ku fara da Istanbul, ku ƙare da Antaliya, ta yadda kafin ku isa kudu zafin ya ɗan ƙara lafawa.

Afrilu ma ba laifi, musamman da yake a watan ne zafi ke gasa mutanen Gombe, kuma shi ne lokacin da furannin tulib ke cika lambun Emirgan da sauran lambunan Istanbul. Amma da dare ma'auni yana sauka ƙasa da 10, teku kuma bai ɗumama ba tukuna. Idan kuka karkata zuwa Mayu, ku duba kalandar Musulunci, domin babbar salla ta 2027 za ta faɗo wajen tsakiyar watan, kuma a ranakun salla Turkawa kan cika wuraren hutu, babbar kasuwar Istanbul mai rufi kuma takan kasance a kulle, kamar yadda take a kowace Lahadi. Disamba da Janairu kuwa, duk arharsu, ba zan ba ku shawara ba: ruwa ne da iska, wani lokaci har da dusar ƙanƙara, yinin ma bai fi awa tara da 'yan mintuna ba.

Ku nemi biza tun watanni kafin ranar tafiya, kuma idan za ku tashi ta Abuja ku isa da kwana guda, domin Hajiya ta huta kafin zaman jirgi na kusan awa bakwai. Ku saya mata takalmi mai taushi marar tsini, sannan ko a Satumba ne ku saka mata rigar sanyi a jaka, saboda iskar da ke kaɗawa a cikin jirgin ruwa da yamma, idan kuna dawowa daga ziyarar kabarin Abu Ayyub al-Ansari a unguwar Ayyub Sultan.