Yarana sun daina son zuwa gidan kakarsu saboda ba sa jin Turanci

Tambaya: Anti barka da aiki. Yarana uku firamaren gwamnati suke, na ƙanin mijina kuma firabet, da sallah an haɗu gidan Hajiya sai yaran suka dinga musu Turanci suna dariya, yanzu babbar ta ce ita ta daina zuwa. Na shiga adashi na canza musu makaranta? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Yar'uwa abun nan ya taɓa min zuciya wallahi. Waɗanda suka shiga firamare lokacin UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976 za su faɗa miki ɗan attajiri da ɗan mai faci benci ɗaya suke zama, yanzu masu hali sun kwashe nasu shi yasa ba mai bibiyar rufin da ke yoyo. Kuma dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 cewa ta yi karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, haƙƙin yaranki ne ba alfarma ba.

Adashin nan dai kar ki yi garaje, kuɗin firabet duk zango ake biya ga littattafai ga yunifom ga kuɗin Napep, in aka koro su a tsakiya ciwon ya fi na yanzu. Kuma ba kowace firabet ce ke koyarwa ba, wasu Turancin baki ne kawai. Ki gwada babbar ki ga tana karanta Hausa da kyau? Tana lissafi? In da rauni ki samo mata malamar lesin, ki riƙa zuwa taron iyaye da malamai (PTA) kina magana.

Dariyar kuwa maigida za ki sa ya samu ƙaninsa cikin sirri, ko Hajiya ta tsawatar wa jikokinta.